Ko Kun Sani? Kasafin Kuɗin da ke Farawa daga Sifili

Yawancin kamfanoni idan za su tsara kasafin sabuwar shekara, na bara suke ɗaukowa su ɗora wani abu a kai. Ta haka hidimar da ta daɗe da daina amfani take ci gaba da cin kuɗi ba mai tankawa.

A ƙarshen shekarun 1960 wani manaja a kamfanin Texas Instruments na Amurka, Peter Pyhrr, ya ɓullo da wata hanya, ya kuma bayyana ta a mujallar Harvard Business Review a 1970. Kowane sashe daga sifili zai fara. Shugaban sashe zai zauna ya kare abin da yake nema: motar ofis ɗin nan wane aiki take yi, me zai tsaya idan aka sayar da ita, akwai hanya mafi sauƙi? Sai a jera buƙatu bisa muhimmanci, a biya na sama har inda kuɗi ya ƙare.

Jimmy Carter ya yi aiki da tsarin yana gwamnan jihar Jojiya, da ya zama shugaban Amurka ya kai shi gwamnatin tarayya a 1977, amma tulin takardun da yake jawowa ya gajiyar da ma'aikatu, gwamnatin magajinsa Reagan ta ajiye shi a 1981. Najeriya ma ta ɗauke shi a kasafin 2016.

Tsari ne mai kyau matuƙar ba a mayar da shi wuƙar yankan ma'aikata da talla ba. Kamfanin Kraft Heinz, wanda ya tsananta tsimi da shi, ya zaftare dala biliyan 15.4 daga darajar kadarorinsa a farkon 2019.