Yadda Ake Gane Jariri Yana Samun Nono

A gidajenmu, da zarar jariri ya yi kuka sai a ce nono bai ishe shi ba, a ɗauko ruwa. Ni kuwa a ganina kuka ba ma'auni ba ne, don zafi ma yana sa shi.

Tsummansa za a duba. Daga kwana na 5, jaririn da ke ƙoshi yakan yi fitsari sau 6 ko fiye tsakanin dare da rana, kuma baƙin kashin nan na farko yakan koma ruwan ɗorawa kafin ranar suna.

Sai kamun nono. Ya buɗe baki sosai, haɓarsa ta taɓa nonon, leɓen ƙasa ya juyo waje, a ji yana haɗiya. In kan nono yana yi wa uwa ciwo, to kamun bai yi daidai ba. Yakan sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya. Dakashi kuwa, iyayenmu, don Allah a daina zubarwa. Kaɗan ne, amma ya ishi ɗan cikinsa.

'Yar ramar farko takan wuce cikin mako 2. Amma in barci ya hana shi sha, ko maɗigarsa ta faɗa, a kai shi asibiti ran nan.