Amo da ƙara: ka san su, ka tsare kunnenka

Ya kai mai karatu, tsaya kaɗan ka saurara. Me kake ji? Ƙila kukan zakara, ƙila daka a gidan maƙwabta, ƙila kabu-kabu a kan titi. Duk waɗannan amo ne. Tun safe har dare muna cikin amo, amma ba kowa ya san daga ina yake fitowa ba. A wannan darasi za mu ga yadda amo yake tashi, da yadda yake zuwa kunne, da yadda yawansa yake kashe ji.

Amo daga girgiza yake

Ɗora yatsunka a maƙogwaronka, ka ce "aaa". Ka ji wurin yana rawa? To, wannan rawar ita ce muryarka.

Ga wani gwaji. Samu ganga, ka zuba ƙwayoyin hatsi a kan fatar, ka buga a hankali. Za ka ga hatsin yana tsalle, domin fatar tana girgiza. Dafa fatar da hannu. Girgiza ta tsaya, amo ma ya tsaya. Ka gani ke nan: in babu girgiza, babu amo. Tsirkiyar goge, da bakin algaita, da ƙarfen da maƙeri yake duka, duk girgiza suke yi.

In girgizar tana da sauri, amo ya fito siriri. In ba ta da sauri, ya fito da kauri. Dubi mai kalangu. In ya matse igiyoyi a hammatarsa, fata ta ɗaure, ta yi girgiza da sauri, murya ta hau sama. In ya sassauta, murya ta sauko. Da haka yake sa kalangu ya yi magana. Kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza daga sau 20 har zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya. In mutum yana tsufa, jin amo siriri shi ne yake fara raguwa.

Yaya amo yake tafiya?

Fatar ganga in ta girgiza sai ta tura iskar da ke kusa da ita. Wannan iskar ta tura ta gabanta, ita ma ta tura ta gaba, har girgizar ta iso kunnenka. Kamar ka jefa dutse a tafki ne, ka ga ruwa yana yin zobe-zobe har bakin gaɓa.

Saboda haka amo yana bukatar abin da zai bi. A shekarar 1660 wani masani a ƙasar Ingila, Robert Boyle, ya sa agogo cikin tulun gilashi, ya zuƙe iskar da ke ciki. Agogo yana aiki, amma aka daina jin bugunsa. Da ya maida iska, amo ya dawo. A kan wata babu iska. Shi ya sa mutanen Amurka da suka sauka can a 1969 da rediyo suka yi magana da juna, ko da suna tsaye kusa da kusa.

Ba iska kaɗai amo yake bi ba. Yana bin ruwa, da itace, da ƙarfe. A cikin iska yana cin wajen mita 340 a sakan ɗaya. A cikin ruwa, wajen mita 1,500. A cikin ƙarfe kuwa, wajen mita 5,000.

Walƙiya da tsawa

Ka taɓa hangen mace tana daka daga nesa? Sai ka ga taɓarya ta sauka, bayan ɗan lokaci ka ji "dum". Ido ya riga kunne, domin haske ya fi amo sauri nesa ba kusa ba. Haske yana cin kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Amo kuwa sai ya yi sakan 3 kafin ya ci kilomita ɗaya.

Walƙiya da tsawa tare suke tashi, amma walƙiya ce take fara iso maka. Wannan ilimi yana da amfani da damina. In ka ga walƙiya, fara ƙirga: ɗaya, biyu, uku, har ka ji tsawa. Raba abin da ka ƙirga gida 3. In ka ƙirga 9, aradu ta faɗi nisan kilomita 3 daga inda kake. In tsawa ta zo kafin ka kai 30, hadari yana kusa. Bar gona, ka shiga ɗaki. Kada ka fake ƙarƙashin itace.

Amsa-kuwwa

In ka leƙa rijiya mai zurfi ka yi magana, sai ka ji an maimaita. Ba aljani ba ne. Muryarka ce ta bugi ruwa da bangon rijiya, ta dawo. Jemagu da yawa da haka suke gane hanya cikin duhu: su yi kuka siriri, su saurari dawowarsa. "Eko" da ake yi wa mai ciki a gidan likita shi ma haka yake aiki. Na'ura tana tura amo siririn da kunne ba ya ji, amon ya bugi jariri ya dawo, sai hoto ya fito.

Abin da ke cikin kunne

Kunnen da kake gani a waje mazurari ne kawai, yana tattara amo. A ƙarshen ramin kunne akwai wata fata marar kauri, kamar ta ganga. Ita ce dodon kunne. Amo in ya taɓa ta sai ta girgiza. A bayanta akwai ƙasusuwa 3, waɗanda babu ƙanana kamarsu a jikin mutum. Su suke miƙa girgizar zuwa wani wuri mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƴan gashi ƙanana wajen 15,000. In sun motsa, jijiya ta kai labari ga ƙwaƙwalwa. Nan ne kake cewa "na ji".

Ɗauki ƴan gashin nan kamar hatsi a gona. Iska mai sauƙi takan kaɗa shi, ya miƙe. Guguwa kuwa takan kwantar da shi ƙasa. To, ƙara mai ƙarfi guguwa ce. Bambancin shi ne, hatsi in ya mutu ana sake shuka. Gashin kunne in ya mutu ba ya sake tsirowa, kuma har yau babu maganin da yake tada shi.

Ƙara ma tana da awo

Kamar yadda ake auna hatsi da tiya, ƙarfin amo ana auna shi da desibel. Raɗa wajen desibel 30 ce. Hira tsakanin mutum biyu wajen 60. In ƙara ta kai 85, kuma mutum yana zama cikinta awa 8 kowace rana, kunne yakan fara lalacewa. Lura da wannan: in aka ƙara desibel 3 kawai, lokacin da kunne zai iya jurewa ya ragu da rabi. A 88 awa 4 ne. A 91 awa 2. A 100 minti 15 kacal. A 120 kunne yakan yi zafi nan take.

Ba ka da na'urar awo? Ga dabara. Tsaya nisan hannu ɗaya da abokinka. In sai ka ɗaga murya sosai kafin ya ji ka, ƙarar wurin ta yi yawa. Gwada wannan a ɗakin injin niƙa, ko wurin masu walda, ko gaban lasifika ranar biki.

Kurumtar ƙara yawanci ba ta zuwa rana ɗaya. A hankali take shiga, ba jini, ba ciwo. Alamarta ta farko ita ce ƙugi ko shewa a cikin kunne bayan an tashi aiki. Daga baya mutum ya riƙa cewa "me ka ce?" Ya ƙara muryar rediyo. A kasuwa ya ji ana magana amma bai gane ba. Har a ɗauka girman kai ne ya hana shi amsa sallama.

Yadda za ka tsare kunnenka

Na ɗaya, nisa magani ne. In kin kai niƙa, ajiye kwanonki ki jira a waje. Kada ki tsaya kusa da inji da goyo a baya, domin jariri ba zai iya toshe kunnensa ba.

Na biyu, in aikinka cikin ƙara yake, nemi matoshin kunne na roba irin na ma'aikata. Auduga ba ta tare ƙara sosai. Ka riƙa fita kana hutar da kunne.

Na uku, injin wuta a ajiye shi nesa da ɗakin kwana.

Na huɗu, duba yaranka masu jin waƙa a salula da abin sawa a kunne. In kai da kake gefe kana jin waƙar, ta yi ƙarfi, a rage.

Na biyar, kada ka sosa kunne da tsinke, ko ashana, ko gashin kaza. Suna iya huda dodon kunne. In kunnen yaro yana ruwa, ko ka kira shi daga baya bai waiwayo ba, kai shi gidan likita da wuri. Yaron da ba ya ji sosai ba zai gane karatu a lakol ba.

Kowace shekara, ranar 3 ga watan Maris, Hukumar Lafiya ta Duniya tana tunatar da mutane kula da kunne. Kai kada ka jira ranar. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa hatsi yake tsalle a kan ganga?
2. Ka ga walƙiya, ka ƙirga 12 kafin ka ji tsawa. Kilomita nawa ke nan?
3. Wane wuri ne ya fi ƙara a garinku? Me za a yi a rage ta?