'Yar Tsana Mai Motsi: Fim ɗin Tsoro da Taskar Labaran Daura

Cikin dabarun shirya fim akwai wata mai cin lokaci wadda ake kira motsa 'yar tsana daki-daki, inda mai sana'a yake ƙera mutum-mutumi da yumɓu ko itace ko tsumma, ya ɗauke shi hoto, ya ɗan gusa hannunsa ko kansa, ya sake ɗauka, har hotunan su taru. Idan aka jera 12 zuwa 24 a kowace daƙiƙa, sai ido ya ga abin yana tafiya da kansa, amma da wata 'yar karkarwa da ke sa tsigar jiki ta tashi, wadda ita ce ta jawo masu fina-finan tsoro ga wannan dabara.

Wani jigo da sukan koma gare shi shi ne na wanda ya ƙera abu sannan ya juya masa baya, kamar a littafin Frankenstein na Mary Shelley na 1818. Phil Tippett na Amurka ya shafe kusan shekara 30 kafin ya fitar da Mad God a 2021, fim na 'yan tsana mai cike da dodannin da aka ƙera aka watsar. Dacewar jigon da dabarar a fili take, domin 'yar tsana ba ta motsi sai da hannun maƙerinta, kuma da zarar ya janye ta koma tarkace.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin Mustafa Alasan na Nijar, wanda ya zauna a Tawa kuma ya rasu a 2015, ya shirya Samba le Grand da 'yan tsana tun 1977.

Sai dai inda albarkatun labari suke jibge shi ne Daura. A labarin Bayajida, rijiyar Kusugu da macijiyar da ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da tsohuwa Ayana da ta sauki baƙo, da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera wa Bayajida, duk kayan tsoro ne ingantattu; kuma akwai ɓangaren da masu ba da labari kan wuce da sauri, wato matar da ya bari da juna biyu a Garun Gabas ya ci gaba da tafiyarsa, wadda ta haifi Biram. Tatsuniyar Ta-Kitse ma, yarinyar da aka samu daga kitse wadda ta narke da kishiyoyi suka tura ta rana, ta fi dacewa da yumɓu da kakin zuma fiye da ɗan wasa mai rai.

Wayar hannu da fitila da yumɓun maginan tukwane sun isa a fara, saboda haka ya kamata matasan Daura masu sha'awar fim su ɗauki wannan aiki, makarantun masarautar kuma su ba su wuri da goyon baya.