Naman Kiwon Sake da Naman Turke

Bahaushe ya daɗe da rarrabe dabbar yanka gida biyu, gwargwadon yadda aka ciyar da ita. Akwai ta kiwon sake, wadda ke fita daji ta ci gamba da kyasuwa da harƙiya, da rani kuma ta bi karmami a gonaki ta tsinci 'ya'yan gawo. Akwai kuma turkakkiya, wato wadda aka ɗaure a turke ana ba ta dusa da harawa da angurya da ɗan jiƙon kanwa har ta yi ƙiba, kamar yadda ake yi wa ragon layya. A al'adance turkakke shi ne abin alfahari, domin Bahaushe na girmama maiƙo, kuma da auki ake auna rago a idon maƙwabta.

Abin lura shi ne, naman da mu muke ɗauka na yau da kullum, shi ne Turawa ke nema da tsada. A Amurka galibin shanun yanka sukan ƙare rayuwarsu ne a manyan garake, inda ake ɗura musu masara na tsawon wata huɗu zuwa shida, sau da yawa tare da sinadaran hanzarta girma. Saboda waɗannan sinadarai ne ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigo da irin wannan nama tun 1989. Nazarin masana ya nuna cewa naman dabbar da ta ci ciyawa ya fi ƙarancin kitse, kuma kitsen nasa ya fi yawan nau'in mai da ake kira omega-3, mai amfani ga zuciya. Sai dai kada a zuzuta batun, domin abin da ke cikinsa bai kama ƙafar na kifi ba.

To, yaya mai saye zai gane shi a teburin mahauci? Alama ta farko kitse ce. Na dabbar ciyawa yakan yi ruwan ɗorawa, saboda sinadarin karotin da ke cikin ɗanyen ganye, wanda shi ne ke ba karas launinsa; na dabbar hatsi kuwa fari ne. Tsokar takan yi ja mai duhu, ga ƙanshi, ga ɗan tauri, tun da dabbar ta sha tafiya. Taurin nan ba aibi ba ne ga girkinmu. Farfesu da dambun nama suna son doguwar dahuwa, mai kilishi kuwa ba abin da yake so irin jan nama marar kitse, domin shi ke shanyuwa da kyau bai yi ɗoyi ba.

Lokaci ma yana da muhimmanci ƙwarai. Sa Bunaji ko Bokolo da aka yanka da kaka, bayan ya ƙoshi da ciyawar damina, ba ɗaya yake da wanda aka yanka da bazara ba, sa'ad da ƙasusuwa suka fito. Dillalan kara a Maigatari da Potiskum da Wudil sun san wannan sarai.

Haka kuma, ba kowane sake ne kiwo ba. Akuyar da ke yawo a juji cikin birni tana cin leda da takarda ita ma sakakkiya ce, amma mahauta kan tarar da tulin leda a tumbinta. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya a 1965, sai dai gonaki da gine-gine sun cinye da yawa daga cikinsu, har da burtalai. Ga kuma masu yi wa dabba allura su kai ta mayanka kafin maganin ya bar jikinta. Saboda haka launin kitse kaɗai bai wadatar ba. Wajibi ne mai saye ya riƙi mahauci guda da ya amince da shi, ya tambaye shi daga wace kasuwa dabbar ta fito, da kuma ko likitan dabbobi ya duba ta kafin yanka.