Tsohuwar Peugeot da matsalar cajin batir

Har yanzu ana ganin Peugeot 404 da 504 jefi-jefi a titunan Yamai, kuma da yawansu cajin batir ne ciwonsu. Sau tari laifin regilata ne, ɗan akwatin da ke ƙayyade wutar da ke zuwa batir. Na da, ƙarafuna biyu ne ke haɗuwa suna rabuwa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, da taimakon maganaɗisu da sifirin. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40, kan cinye bakin ƙarafunan. Daga nan ko batir ya kwana ba caji, ko wuta ta yi yawa ruwansa ya ƙone, ƙwayayen fitila su riƙa mutuwa.

Regilata na lantarki kuwa ba abin da ke motsi a cikinsa. Taransista ke riƙe wutar kusa da volt 14. Amma regilatan dinamo daban, na altanato daban, kuma tsofaffin 404 da dinamo suka fito. Kafin ku sayi wani a kasuwar Katako, ku sa makaniki ya duba wanne ke motarku, ya cire kan batir kafin ya taɓa waya, bayan ya mayar da shi kuma ya auna wutar yayin da injin ke aiki.