Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Tarakta ta Gida

A garuruwanmu da yawa akan ga tsohuwar tarakta a ƙarƙashin bishiya ko a bayan gida, tayoyinta sun sace, kaji suna kwana a kan kujerarta. In ka tambaya, sai a ce maka ta mahaifinsu ce ko ta kakansu, ta lalace shekarun baya, ba a sami kuɗin gyara ba. Iyalin kuwa kowace damina suna bin layin hayar taraktar wani, wani lokaci har lokacin shuka ya wuce layi bai zo kansu ba. Irin wannan ƙarfe sau da yawa bai mutu ba. Ana iya tayar da shi, amma sai an bi aikin daki-daki, gama wanda ya fara daga inda bai kamata ba zai ƙarar da kuɗin gida, tarakta kuwa tana nan inda take.

Za mu ɗauki Massey Ferguson 135 ta zama misalinmu, domin tana cikin taraktocin da aka fi sani a duniya, kuma abin da za a faɗa a kanta ya shafi 'yan'uwanta da yawa. An ƙera ta daga 1964 zuwa 1975, yawancinsu a masana'antar Banner Lane da ke birnin Coventry a Ingila. Wadda aka fi samu tana da injin gas na Perkins mai silinda 3, girmansa lita 2.5, ƙarfinsa kuwa wajen na doki 45. Ba kwamfuta a cikinta ko ɗaya. Bakanike mai hankali da sifanoninsa da littafin injin yana iya kwance ta ya mayar. Ga shi kuma kamfanin TAFE na Indiya da kamfanin Millat na Pakistan sun daɗe suna ƙera taraktoci bisa tsarin Massey Ferguson, saboda haka kayan gyaranta ba su ɓace daga kasuwa ba, ko da yake masana'antar Coventry ɗin ta daina aiki tun farkon shekarun 2000.

Kafin a taɓa ƙusa ko ɗaya, sai iyali su zauna. Taraktar gado ta mutane da yawa ce. Muddin tana kwance ba mai kula da ita, amma ranar da ta tashi kowa zai tuna yana da rabo. A yi magana tun da wuri a kan wanda zai ba da kuɗi, da wanda zai tuƙa, da gonar da za a fara nomewa, a kuma rubuta. A sayi littafi guda na musamman domin lissafin kowane abin da aka saya. Lokacin fara aikin shi ne bayan kaka, sa'ad da akwai ɗan kuɗin amfanin gona a hannu, ga kuma watannin rani a gaba. Wanda ya fara a watan Mayu, ruwa zai same shi da inji a warwatse.

Aiki na fari shi ne wanki da dubawa. A kankare laka da tsohon giris da kananzir da buroshi, domin tsaga da yoyo suna ɓuya a ƙarƙashin datti. A kwafe lambar taraktar daga ɗan allon ƙarfe da ke kusa da sitiyari, da lambar da ke jikin injin, gama da su ne ake sayen kayan da suka dace. Sa'an nan a zaro sandar gwajin baƙin mai. In man baƙi ne ƙirin, tsufa ne kawai. In ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, kuma dole a nemo ta inda ya bi. A duba wayoyin da ɓeraye suka ci, a kuma leƙa kowane ƙaramin rami da bututu, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa a irin waɗannan wurare. Ɗan gidan laka guda a ramin shan iska na murfin tanki ya isa ya hana mai sauka, a yi ta neman laifi a wurin da babu shi.

Babbar tambaya ita ce, injin yana juyawa ko ya kafe? Salansar irin wannan tarakta a tsaye take tana kallon sama. In an bar ta a waje ba a kife mata gwangwani ba, ruwan sama yakan bi ta ciki ya sauka kan fistan, tsatsa ta manne shi da bangon silinda. A nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Sai su ɗaura mata igiya, su ja ta da babbar mota, su sa giya su saki kuloci da ƙarfi wai don ta warware. Abin da yakan biyo baya shi ne sandar fistan ta lanƙwashe ko zoben fistan ya karye, ƙaramin gyara ya zama babba. Hanyar da ta fi ita ce a cire nozul ɗin nan uku, a zuba man gas ko man sassauta tsatsa a kowace silinda, a bar shi kwanaki, har mako biyu in ta kama. Kowace rana a sa babbar giya, a ɗan girgiza tayar baya gaba da baya da hannu. In ta saki, a juya injin ba tare da nozul ba domin man da aka zuba ya fita, gama ruwa ko mai ba ya matsuwa a cikin silinda. In kuwa ta ƙi, sai a buɗe kan injin a gani da ido.

Yana da kyau ɗalibi ya fahimci bambancin injin gas da na fetur a nan. Injin gas ba shi da filogi. Fistan ne yake matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan nozul ya fesa mai siriri kamar hazo, man ya kama da kansa. Saboda haka abubuwa uku ne rayuwarsa: iska mai tsabta, matsi mai ƙarfi, da mai marar datti wanda ya iso a kan lokaci. Man da ya shekara a tanki yakan tara ruwa da dauɗa a gindi. A zubar da shi duka, a wanke tankin, a sa sababbin matatan mai. Bayan haka sai a fitar da iskar da ta shiga bututu, a sassauta ƙusoshin da aka tanada domin wannan a kan matata da kan famfon mai, ana danna ƙaramin famfon hannu har mai ya fito ba kumfa. Tarakta da yawa da aka ce sun mutu, iska ce kawai a hanyar mai. Amma babban famfon da ke rarraba mai ga nozul, kada a buɗe shi a gindin bishiya. Kayan cikinsa suna da laushin aiki ƙwarai, ƙwayar yashi guda tana iya lalata shi. A kai shi, tare da nozul ɗin, wurin masu injin gwaji. Kada kuma kowa ya sa hannu a gaban nozul yana feshi, domin man yana iya huda fata ya shiga nama, ya jawo ciwon da har akan yanke yatsa.

Da sabon baƙin mai, da ruwa a lagireto, da batir mai cikakken caji, sai a gwada tayar da ita. In ta tashi, a sa ido ga ma'aunin baƙin mai nan da nan. In allurar ba ta motsa ba cikin 'yan daƙiƙu, a kashe. In ta motsa, a bar injin ya yi ɗumi, a karanta hayaƙinsa. Shuɗin hayaƙi yana nuna injin yana ƙona baƙin mai, wato zobban fistan ko hanyoyin bawul sun cinye. Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya fi iska yawa, sau da yawa matatar iska ce ta toshe da ƙurar hunturu, ko nozul yana ɗiga maimakon feshi. Farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi kuwa, ko man ba ya ƙonewa sosai, ko ruwa yana shiga silinda ta gaskit ɗin kan inji. Sai an ga waɗannan alamu ne za a san ko injin yana bukatar a kwance shi duka, ko kuwa ƙaramin aiki ya ishe shi. A nan ne kuma ya kamata iyali su sāke zama da littafin lissafi. In jikin injin ya tsage, ga famfo ya mutu, ga manyan tayoyin baya biyu sun ruɓe, mai yiwuwa sayar da ita a matsayin kayan gyara ya fi riba. Tayoyin bayan nan kaɗai suna cikin abubuwa mafi tsada a jikinta, mutane kuwa sukan manta da su sai a ƙarshe.

In an yanke shawarar kwance injin, akwai sauƙi guda: silindar wannan inji tana da riga ta ƙarfe a ciki wadda ake cirewa a sa sabuwa, kuma ana sayar da ita tare da fistan da zobba da gaskit. Kowane abin da aka cire a sa shi a gwangwaninsa, a rubuta inda ya fito, a ɗauki hoto da waya kafin a cire. Ƙusoshin kan inji ana ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo, daidai da abin da littafin ya faɗa. Ƙarfin damtse ba awo ba ne.

Tarakta ba ta da firam irin na mota. Injin, da akwatin giya, da gadar baya su ne aka ɗaure da juna suka zama ƙashin bayanta. Don haka in kuloci ya lalace, tilas a raba ta gida biyu. Wannan aiki yana bukatar daɓe mai ƙarfi, da jak, da manyan katakai, a kuma cusa itace a gadar gaba domin kada rabin gaba ya kife. Kada a dogara da bulo na siminti, gama yakan fashe ba gargaɗi.

Yanzu sai hannuwan nan uku na baya da ke ɗaga garma, waɗanda su ne suka sa wannan iyali na taraktoci ya yi suna. Harry Ferguson, ɗan manomi ne daga Ailan ta Arewa, an haife shi a 1884, ya rasu a 1960. A zamaninsa tarakta tana jan garma ne kamar yadda shanu suke ja. In garma ta kama saiwa ko dutse, gaban tarakta yakan tashi sama ta kife a kan direba. Ferguson ya haɗa garma da tarakta a wuri uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama. In ƙasa ta yi tauri, hannun sama yana jin turin, ya sa famfon mai ya ɗan ɗaga garmar, nauyinta kuma ya koma kan tayoyin baya su ƙara kama ƙasa. Ta haka ƙaramar tarakta take yin aikin babba. A 1938 ya yi yarjejeniya da Henry Ford ta musafaha kawai, a 1946 kuma ya fara ƙera tasa mai launin toka, TE20, wadda aka yi fiye da rabin miliyan kafin a daina ƙera ta a 1956. Irinta ce Edmund Hillary ya kai har tsakiyar ƙanƙarar kudancin duniya a Janairun 1958. Abin da mai gyara zai riƙe shi ne, famfon wannan na'ura yana zaune a cikin akwatin da ke bayan akwatin giya, kuma mai ɗaya suke sha da giya da gadar baya. Robar da ke gindin sandunan giya in ta yage, ruwan sama yana bi ta nan ya gauraya da man. Kafin a zargi famfo, a zubar da tsohon mai, a wanke, a sa sabo da sabuwar roba, a rataya garma a ga ko za ta ɗaga ta riƙe.

Birki da sitiyari ba a yi musu rowa. Kowace tayar baya tana da takalmin birkinta, domin juyawa a ƙarshen kunya, amma a kan hanya dole a haɗa su biyun da maƙullinsu, in ba haka ba taka ɗaya zai karkatar da tarakta cikin rami. In mai yana yoyo daga gadar baya zuwa cikin birki, a canja robar da ke tsare man, a sa sabon fatar birki. Akwai kuma ɗan makunni da ke hana injin tashi sai ƙaramar sandar giya tana tsakiya. Mutane sukan tsallake shi su tayar da inji da sukurdireba suna tsaye a ƙasa gaban tayar baya, ta haka kuwa tarakta ta sha taka masu ita. A gyara makunnin. Sandar baya mai juya injin casa ko famfon ruwa tana zagaye 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa, babbar riga ko gyale in ta kama ba a iya ƙwacewa, don haka a mayar mata da murfinta. Yawancin waɗannan tsofaffin taraktoci ba su da ƙarfen kariya a saman direba, wanda ƙasar Suwidin ta fara wajabta wa sababbin taraktoci tun 1959. In ana iya samun wanda aka ƙera domin wannan samfuri, tare da bel na kujera, ya fi fenti muhimmanci nesa. Kujera kuma ɗaya ce, ba wurin yara a kan murfin taya.

Fenti shi ne na ƙarshe, ja a murfin inji da murfin tayoyi, toka-toka a jiki, bayan an kankare tsatsa an shafa na ƙasa. Mai son sayen tsohuwar tarakta ma ya yi hattara da wadda take ƙyalli a waje, ya ce a tayar masa da ita da sassafe injin yana sanyi.

Injin da aka sāke wa zobba ba ya son a bar shi yana aiki a tsaye awa da awa, ba ya kuma son a ɗora masa garma mai nauyi a busasshiyar ƙasa ranar farko. A fara da tirela ko haro, a riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, a canja baƙin mai da matatarsa bayan kimanin awa 50, a sāke duba ƙusoshin tayoyi. Daga nan a riƙa duba mai da ruwa kowace safiya, a wanke matatar iska akai-akai a lokacin ƙura, a cika tanki da yamma domin raɓa ba ta samun wurin taruwa a cikakken tanki. In damina ta wuce, a kai ta ƙarƙashin rumfa, a cire batir, a danne takalmin kuloci da katako don kada ya manne, a kife gwangwani a kan salansa.