Tsaron Haɗin Gwiwa a Afirka ta Yamma: Wa Ke Biyan Kuɗin?

ABUJA — Duk ɗan kasuwar da ya taɓa fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ya san wani ɗan ƙaramin layi a takardar kwastan, inda ake cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan da aka shigo da su daga wajen Afirka ta Yamma. Idan kwantena ta kai naira miliyan 100, to naira dubu 500 ke nan. Wannan shi ne harajin Ƙungiyar Bunƙasa Tattalin Arzikin Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, wadda hedkwatarta ke unguwar Asokoro a nan Abuja. Da wannan kuɗi ne ƙungiyar ke tafiyar da ofisoshinta, kuma a kansa ne ake dogara duk lokacin da aka tashi maganar tura sojojin haɗin gwiwa wata ƙasa. Saboda haka gardamar da ministoci ke yi kan wa zai ɗauki nauyin tsaron yankin ba ta tsaya a zauren taro ba, ta kai har aljihun mai shago a Kantin Kwari.

Tun 1981 ƙasashen ƙungiyar suka sa hannu a Freetown kan yarjejeniyar taimakon juna ta fuskar tsaro, inda suka amince cewa harin da aka kai wa ɗaya an kai wa kowa. Amma yarjejeniyar ta zauna a takarda, ba runduna, ba asusu, har yaƙin basasa ya ɓarke a Laberiya a ƙarshen 1989. A watan Agusta na 1990 wani kwamitin sulhu ya zauna a Banjul ya kafa rundunar ECOMOG, wadda ta sauka Monrovia ranar 24 ga watan da sojojin Nijeriya, Ghana, Gini, Saliyo da Gambiya.

Tsarin kuɗin da aka yi a Banjul shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. An shirya cewa kowace ƙasa za ta ɗauki nauyin sojojinta na kwanaki 30 na farko, daga nan sai wani asusun gaggawa na dala miliyan 50 ya karɓi aikin. Gudummawar da aka sa rai ba ta shigo ba, kwanaki 30 kuma suka zama shekara bakwai. Janar Arnold Quainoo na Ghana ne kwamandan farko, amma bayan an kama shugaba Samuel Doe a hedkwatar rundunar aka kuma kashe shi a watan Satumba na 1990, sai Janar Ibrahim Babangida ya tura Manjo Janar Joshua Dogonyaro, kuma tun daga ranar jagorancin ECOMOG a Laberiya bai sake fita hannun Nijeriya ba. Mai biyan kuɗi shi ke naɗa kwamanda. Nijeriya ce ta ba da mafi yawan sojoji, ita ce ta ba da jiragen ruwa da na sama, har da mai da abinci ga wasu rundunonin da ba nata ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Yayin da wasu 'yan ƙungiyar ke zuba kuɗi don hana Charles Taylor kama Monrovia, an daɗe ana zargin Burkina Faso da Kwaddebuwa, su ma 'yan ƙungiyar, da buɗe masa hanyar makamai. Senegal ta shiga a 1991, bayan Amurka ta yafe mata bashi ta kuma ba ta kayan aiki, sa'an nan ta janye a farkon 1993 bayan an kashe mata sojoji shida a garin Vahun. Tanzaniya da Uganda sun zo a 1994 da kuɗin wani asusu na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka koma gida a 1995. Wato duk wanda ya shigo da kuɗin wani, yakan tsaya ne gwargwadon yadda kuɗin ya kai.

Da aka ƙara da Saliyo, inda ECOMOG ta kori gwamnatin soja daga Freetown a watan Fabrairu na 1998 ta mayar da shugaba Ahmad Tejan Kabbah, sai nauyin ya fi ƙarfin baitulmali. Shugaba Olusegun Obasanjo ya bayyana a 1999 cewa Nijeriya ta kashe kimanin dala miliyan dubu 8 a ƙasashen biyu. A tuna, wannan ƙasa ce da a lokacin ake bin ta bashin waje na kusan dala miliyan dubu 30, kuma a 1998 farashin gangar mai ya faɗi ƙwarai, ga layin motoci a gidajen mai daga Kano har Legas. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa ba a taɓa baje wa jama'a cikakken lissafin waɗannan kuɗaɗe ba, domin a zamanin soja ba majalisar da za ta tambaya. Obasanjo ya fara janye sojoji, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta kafa tata rundunar a Saliyo a watan Oktoba na 1999. Wasu sojojin Nijeriya suka sauya hula kawai, suka ci gaba da aikin da suke yi, amma yanzu New York ke biya.

Masana tattalin arziki sun riga sun hango irin wannan. A 1966 Mancur Olson da Richard Zeckhauser suka nuna cewa a kowane ƙawancen tsaro babbar ƙasa ce kan biya fiye da rabonta. Dalilin mai sauƙi ne. Tsaro kamar fitilar kan titi yake: idan attajirin unguwa ya kunna ta don shagonsa, ba shi da hanyar hana maƙwabta ganin haske, su kuma da suka san dole ya kunna, ba abin da zai sa su yi gaggawar ba da kuɗin lantarki. Bahaushe ya taƙaita abin da cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai a nan kurar ma tana da tata riba, domin babbar ƙasa na sayen faɗa-a-ji, kuma ta fi kowa asara idan kasuwannin yankin suka rushe.

Ƙungiyar NATO ma ba ta tsira ba. A taron Wales na 2014 mambobinta suka amince kowa ya nufi kashe kashi 2 cikin ɗari na arzikin da yake samarwa a shekara kan tsaro, alhali ƙasashe uku ne kawai suka kai wannan mizani a shekarar: Amurka, Birtaniya da Girka. A taron birnin Hague na watan Yuni 2025 aka ɗaga shi zuwa kashi 5 nan da 2035, Sifen kuma ta fito fili ta ce ba za ta kai can ba. Bambancin shi ne, a NATO ana auna abin da kowa ya kashe wa sojojinsa ne, ana buga alƙaluman kowace shekara, mai ƙwauron hannu ya ji kunya. A Afirka ta Yamma kuwa asusu ɗaya ake so a tara, kamar adashe.

Harajin rabin kashi ɗayan da aka amince da shi a 1996, wanda bai fara aiki sosai ba sai 2003, ya fi tsohon tsarin gudummawa, tun da kuɗin na shigowa ne ta hannun kwastan. Matsalarsa ita ce gwamnatoci kan karɓa su riƙe. A watan Disamba na 2024 shugaban Hukumar ECOWAS, Omar Alieu Touray, ya sanar cewa Nijeriya ta biya cikakken harajinta na 2023, karo na farko cikin shekara 19. Idan uwar adashe ce ke jinkirin zubi, da wane baki za a tsawata wa sauran?

Alƙaluman da ke gaba kuwa ba ƙanana ba ne. A taron ministocin tsaro da na kuɗi da aka yi a Abuja a watan Yuni na 2024, an ƙiyasta cewa runduna mai sojoji 5,000 don yaƙi da ta'addanci za ta ci dala miliyan dubu 2.6 a shekara, ƙaramar birged mai sojoji 1,650 kuma dala miliyan 481. Ana cikin wannan lissafi Mali, Burkina Faso da Nijar suka kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025. Tun a watan Satumba na 2023 suka kafa nasu ƙawancen na AES, kuma a watan Maris na 2025 suka sanya nasu harajin na rabin kashi ɗaya kan kayan da ke shiga ƙasashensu daga waje. A watan ne kuma Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa alkawarin dala miliyan 100 a 2015.

Akwai wata ƙofa a New York. Ƙuduri mai lamba 2719 da Kwamitin Sulhu ya zartar a watan Disamba na 2023 ya ba da damar Majalisar Ɗinkin Duniya ta biya har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin ayyukan zaman lafiya da Tarayyar Afirka ke jagoranta, amma sai kwamitin ya amince da kowane aiki ɗaya bayan ɗaya, kuma Amurka na da ikon hawa kujerar na-ƙi.

A ganin wannan marubuci, abin da ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sa wa ido shi ne ko za a taɓa harajin ECOWAS. Idan aka ninka shi zuwa kashi ɗaya, mai kwantenar naira miliyan 100 zai biya miliyan ɗaya cif, kuma ba shakka zai ɗora wa mai saye. Fataken da ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi sun riga sun ɗanɗana tsadar rikicin yanki, lokacin da aka rufe iyaka daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, albasa da tumatir suka ruɓe a cikin motoci. Mai yiwuwa da yawansu za su yarda su biya ƙari idan hanya za ta zauna lafiya, amma suna da haƙƙin su nemi a riƙa buga abin da kwastan ta tara da sunan ƙungiyar, da ranar da aka tura shi Asokoro.